Wa Ya Ce Wasan Yara Ne?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, akwai wata cuta da ta daɗe tana cin ɗan boko a ƙasar nan, wadda ba a asibiti ake maganinta ba. Cutar kuwa ita ce raina aikin hannu. Mai ɗauke da ita yakan ji kunyar a ga baƙin mai a farcensa, yakan ɗauka cewa daraja tana ga wanda ya zauna bayan tebur yana sa hannu a takarda, kuma da zarar ya ga wani babba ya sunkuya yana ƙera wani abu da yatsunsa, sai dariya ta ƙwace masa. Wannan dariya ita muka zo mu yi wa tambaya a yau.

Mu 'yan tsiraru ne a jami'ar nan da muke kashe lokacin hutunmu wajen haɗa ƙananan samfuran motoci da yi musu fenti. Duk sa'ad da muka ɗaga murya muka nemi a san da zamanmu kamar yadda aka san da masu ƙwallo da masu wasan kwaikwayo da masu muhawara, zargi uku ake jifanmu da su. Na ɗaya, wai wasan yara ne. Na biyu, wai almubazzaranci ne a lokacin da ɗalibi ke neman na garin kwaki. Na uku, wai kwaikwayon Turawa ne tsagwaronsa. Za mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan mu ma mu shigar da tamu ƙarar, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin Da Ke Cikin Kwalin

Da yake rashin sani ya fi dare duhu, bari mu fara da bayyana abin da ake wa dariyar. Kwali ne ake sayowa, cikinsa akwai sassan mota na roba mai suna folistarin, wani lokaci fiye da guda 100, kowane a manne jikin wani reshe kamar 'ya'yan itace. Akwai gangar jiki, da shasi, da inji, da giyabos, da lagireto, da salansa, da sitiyari, da kujeru, da gilasai, da tayoyi. Akwai kuma takardar zane mai nuna inda kowane sashe zai shiga. Ba a ƙera su da ka ba. Kowane sashe an rage shi ne daga na ainihi bisa ma'auni guda, wanda ya fi yawa shi ne kashi 1 cikin 24, watau rabin inci a madadin ƙafa ɗaya. Amurkawa sun fi son 1 cikin 25, akwai kuma ƙanana na 1 cikin 43 da manya na 1 cikin 12. Fijo 504 da iyayenmu suka sani, mai tsawon kusan mita 4 da rabi, idan aka rage ta bisa ma'aunin farko, tsawonta bai kai santimita 19 ba.

To, ga inda aikin yake. Mai haɗi zai wanke sassan da ruwa da sabulu don ya fid da maiƙon mazubi, in ba haka ba fenti ba zai kama ba. Zai yanko kowane sashe da reza, ya goge bakin yankan da magagari da samfefa, daga mai kaushi lamba 400 har zuwa mai laushi lamba 2000. Zai gwada haɗa sassan a bushe kafin ya taɓa gam, domin gam ɗin wannan roba narka ta yake yi ya haɗe ta kamar walda, in an manna an manna ke nan. Ba zai kusantar da shi ga gilashi ba, don yana dusashe shi. Sa'an nan ya shimfiɗa fentin ƙasa, ya bari ya bushe, ya duba da hasken fitila ko akwai rami ko tabo, ya cike, ya sake gogewa. Daga nan ya bi da launi, shafi siriri bisa shafi siriri, yana sane da cewa fentin mai yakan kwana bai bushe ba, na ruwa kuwa yakan bushe nan da nan, kuma in ya ɗora fenti mai zafin tina a kan na mai, sai duk jikin motar ya yamutse kamar fatar tsohuwar jaka. Da hunturu ƙura ce abokiyar gabarsa, dole ya kife kwano ko kwali a kan aikinsa. Da damina laima ce ke dusashe masa ƙyalli. Da bazara kuwa in ya manta motar a bakin taga, rana ta lanƙwasa masa ita.

Ku lura da lissafin. Kuskuren milimita 1 a kan samfurin daidai yake da milimita 24 a kan motar gaske, watau kusan inci guda. Wace ƙofar mota ce za ta rufu in ta kauce da inci guda? Wanda ya yi mako uku yana fama da irin wannan awo ya koyi abin da allo da alli ba su koya masa ba, watau cewa ƙarfe da roba ba su san uzuri ba, kuma “ai ya yi kusa” ba amsa ba ce.

Zargi Na Ɗaya: Wai Wasan Yara Ne

Mun ji. To, sai mu tambayi masu wannan magana, ko sun san yadda ake haifar motar da suke burin saya ranar da albashi ya kai? Tun zamanin Harley Earl, wanda ya kama aiki da kamfanin General Motors na Amurka a 1927, manyan kamfanonin mota ba sa buga ƙarfe sai sun fara sassaƙa siffar motar da yumɓu, ƙarama tukuna, sa'an nan cikakkiya. Ƙaramin samfuri ake sa wa cikin ramin gwajin iska a ga yadda iska za ta bi jikinsa. Masu zanen gine-gine na jami'ar nan ma ba a ba su digiri sai sun ƙera ƙaramin gini da kwali da katako, kuma ba mu taɓa jin an ce da su 'yan wasan ɗiya ba.

Wannan kamfani na General Motors ya fahimci abin da mu muka kasa fahimta. Daga 1930 zuwa 1968 ya riƙa shirya wa samarin Amurka gasa mai suna Fisher Body Craftsman's Guild. Da farko keken doki na sarauta ake ƙerawa, daga 1937 aka ƙara da ƙaramar mota wadda yaro zai zana da kansa ya sassaƙa. Ladan waɗanda suka ci shi ne kuɗin karatun jami'a. Miliyoyin yara suka shiga. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi nasara a 1947, Chuck Jordan, shi ne ya zama shugaban sashen zane na kamfanin baki ɗaya daga 1986 zuwa 1992. 'Yan jari-hujja ne fa, ba su ɓarnatar da sisin kwabo don tausayin kowa. Sun zuba wannan kuɗi shekara 38 ne domin sun san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma sun san a inda ake tsintar injiniya.

Ku dubi Japan. Kamfanin Tamiya, wanda sunansa ke jikin kwalaye da yawa da muke haɗawa, ya fara ne a 1946 a matsayin wurin tsaga katako a birnin Shizuoka. Daga samfuran katako ya koma na roba. A tsakiyar shekarun 1970, da ya yi niyyar fitar da samfurin motar tsere ta Porsche, sai ya sayi Porsche 911 ta gaske, ma'aikatansa suka wargaza ta ƙusa bayan ƙusa, suka auna kowane sashe, don kada su yi wa mai saye ƙarya ko da a cikin abin da ba ya gani. Samfurin ya fito a 1976 bisa ma'aunin 1 cikin 12. Al'ummar da ke ɗaukar abin wasa da irin wannan muhimmanci, ina mamaki in motocinta sun cika titunanmu daga Sakkwato har Maiduguri?

Mu ma muna da shaida a gida. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, tun yana yaro yake zanen motoci, abin da da yawa daga cikinmu za su kira shiririta. Ya tafi Detroit ya karanta zanen mota, ya yi aiki da General Motors, kuma shi aka sani da zana siffar gwajin motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Daga 2017 zuwa 2023 ya shugabanci hukumar ƙasa mai kula da zane da bunƙasa ƙera motoci. Tambayar da ta kamata ta hana mu barci ita ce, Jelani nawa muka kashe da dariya tun suna aji uku na firamare?

Babban Kwalin Kakuri

Yanzu kuma ga maganar da masu dariya ba za su so ji ba. Idan haɗa mota daga kwali wasan yara ne, to, Nijeriya ta yi wannan wasa da kuɗin man fetur, kuma ta kira shi juyin masana'antu. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri cikin Kaduna, a shekarar kuma aka fara Volkswagen a Legas. Bayansu aka buɗe Steyr a Bauchi, da Fiat a Kano, da Marsandi a Inugu, da Leyland a Ibadan. Mene ne aikin waɗannan masana'antu? Sassa ne ake ƙerawa a Faransa da Jamus da Italiya da Ostiriya da Ingila, a zuba cikin akwatuna, a turo mana tare da takardar zane, mu kuwa mu ɗaura. Bambancinsu da kwalinmu shi ne ma'auni kurum, nasu 1 cikin 1 ne.

Ba mu ce haɗin laifi ba ne. Kowace ƙasa da ta zo daga baya da haɗi ta fara, har da Koriya ta Kudu da Indiya. Dubban 'yan ƙasa sun ci abinci a Kakuri, sun koyi aiki, kuma an kai lokacin da taya da batir da wasu sassa a nan gida ake yin su. Laifin shi ne tsayawa a nan. Wasu sun haɗa, suka wargaza, suka auna, suka tambayi dalili, suka ƙera nasu. Mu kuwa muka haɗa, muka hau, muka yi hoto. Da farashin mai ya faɗi, aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, naira ta karye, akwatunan suka yi tsada, sai masana'antun suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, gwanjon Turai ya maye gurbinsu. Michelin ya daina yin taya a ƙasar nan a 2007, Dunlop ya bi sahu a 2008. Ajakuta, wadda aka ƙulla yarjejeniyar gina ta da Tarayyar Sobiyat a 1979 don ta ba mu ƙarfen da za mu daina roƙo, ta haura shekara 40 babban tanderunta bai narka tama ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

A makarantu ma haka. Da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, an sa darasin gabatarwar fasaha a ƙananan makarantun sakandare, aka sayo injuna daga ƙasashen waje, amma a makarantu da yawa cikin akwatunansu suka tsufa, babu lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san kansu. Yaran da aka hana taɓa waɗannan injuna su ne suka zama malamanmu da shugabannin ma'aikatunmu. Shi ya sa har gobe ake fifita mai digiri a kan mai babbar difloma ta kwalejin fasaha ko da na biyun ya fi iya aikin. Shi ya sa za ka ga ɗalibin injiniya ya zana maka kafireto a takardar jarrabawa ya ci maki, amma in motar babansa ta mutu a hanya sai ya tsaya yana jiran yaron makaniki ɗan shekara 14 wanda bai taɓa shiga aji ba. Ku je Panteka a Kaduna, ku je Ƙofar Ruwa a Kano, ku ga masu hannu da ba su da takarda. Ku dawo nan ku ga masu takarda da ba su da hannu. Ƙasa ba ta tashi sai ranar da waɗannan biyu suka haɗu a jikin mutum ɗaya, kuma ɗan teburin mai haɗa samfuri yana daga cikin wuraren da suke fara gaisawa.

Zargi Na Biyu: Wai Almubazzaranci Ne

Nan kam akwai ƙamshin gaskiya, kuma ba za mu ɓoye ta ba. Kwalin daga waje yake zuwa, da dala ake sayensa, kuma tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a 2023, abin ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi shi kaɗai. Amma mai wannan zargi ya fara duba nasa aljihun. Nawa yake zubawa a wata wajen sayen data don kallon rayuwar mutanen da ba su san da shi ba? Nawa yake kai wa gidan kallon ƙwallon Turai, inda ake zagin juna har da doke-doke saboda kulob ɗin wani gari da ba zai taɓa taka shi ba? Nawa cacar waya ta cinye wa abokanmu, har da kuɗin rajista? Duk waɗannan ba a kira su almubazzaranci, don kuwa kowa na yi. Wanda ya tara kuɗin wata uku ya sayi kwali ɗaya, ya yi wata biyu yana aiki a kansa, ya fito da abin da zai nuna wa ƙannensa da ilmin da zai bi shi har tsufa, shi ne wai almubazzari.

Ban da haka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya gagari mutum ɗaya ba ya gagarar mutum goma. Gwangwanin fenti ɗaya yana isar motoci da dama. Reza da samfefa da hantsaki da buroshi duk akwai su a kasuwa da araha. Fentin feshi da masu gyaran jikin mota ke amfani da shi yana yi, in an shimfiɗa fentin ƙasa mai kyau aka kuma fesa daga nesa. Tsadar ma kanta hujja ce a gare mu, domin ita ke tilasta tambayar da ta fi kowace muhimmanci: don me ba a yin kwalin a nan?

Ku saurari tarihin Airfix na Ingila. Wani ɗan gudun hijira daga Hangari, Nicholas Kove, ya kafa shi a Landan a 1939, kuma bayan yaƙi matajin roba yake bugawa. A 1949 aka ba shi aikin yin ƙaramin samfurin tarakta Ferguson, sai aka ga ya fi araha a sayar da shi a warwatse mai saye ya haɗa da kansa. A 1952 ya fitar da samfurin jirgin ruwa da ake sayarwa sule biyu. Daga mataji fa aka fara. To, injin da ke narka roba ya tura ta cikin mazubi, irinsa ne ke buga bokiti da kujera da kwanon roba a Sharaɗa da Challawa da Bompai. Robar kanta daga man fetur ake samo ta, wanda muke haƙowa mu sayar ɗanye. Abin da ya rage mana shi ne mazubin ƙarfe mai daidaiton awo, da mutumin da zai iya sassaƙa shi. Wannan mutum kuwa ba daga sama zai faɗo ba. A yau ma an sami sauƙin da Kove bai samu ba, domin akwai na'urar da ke karɓar zane daga kwamfuta ta fitar da siffarsa da roba, kuma kuɗinta bai kai na babur ba.

Zargi Na Uku: Wai Kwaikwayon Turawa Ne

Wannan shi ya fi ba mu mamaki, domin mai faɗinsa ya manta da ƙuruciyarsa. Wane ɗan Hausa ne ya tashi a ƙauye ko a birni bai ga motar kara ba? Bayan girbi, yaro zai samo karan dawa, ya feƙe bayansa ya yi tsinke, ya yanka ɓargon ya yi ginshiƙi, ya ƙera roka da bodinta da tayoyinta, har da lebura a bisa kaya. Wani ya tanƙwara waya ya yi mota mai dogon sitiyari da yake tuƙawa yana tafe, tayoyin gaba suna juyawa dama da hagu kamar na gaske. Wani ya buɗe gwangwanin madara da na sardin, ya yanka tsohon silifa ya yi taya. Babu takardar zane, babu ma'auni sai ido, babu wanda ya koya masa sai yayansa. Wannan yaro ya warware matsalar sitiyari da ta aksil tun bai iya rubuta sunansa ba. Me muka yi masa? Mun ce ya tashi ya bar shirme, mun tattake motar, mun aike shi talla.

Ashe ke nan sha'awar tamu ce tun asali. Abin da kwalin waje ya ƙara mata shi ne awo da tsari da sanin sunan kowane sashe da aikinsa. Mu jikokin maƙera ne da dukawa da masassaƙa da marina, mutanen da suka narka tama a ƙasar nan tun kafin Bature ya san hanyar Kwara. Raina aikin hannu shi ne baƙon abu, shi ne gadon makarantar mulkin mallaka wadda aka kafa don ta samar da akawu da tafinta. Saboda haka mai yi mana gorin kwaikwayo ya juya madubin. Wanda kuma yake jin ɗar-ɗar ta fuskar addini, ya tuna cewa maganar malamai a kan sura ta shafi abu mai rai ne, mota kuwa ba ta da rai.

Sai dai akwai wani gefen zargin da muka karɓa hannu biyu. Ka duba kundin kowane kamfani, za ka tarar da motocin tsere na Italiya da Jamus, da motocin Amurka, da tankokin yaƙin duniya na biyu. Ba za ka tarar da rokar Marsandi 911 mai bodin katako ba, wadda ta yi dakon gyaɗa da goro da shanu tsakanin Arewa da Kudu, da zanen zaki da dawisu da kalmomin hikima a goshinta. Ba za ka tarar da a-kori-kura ta kasuwar ƙauye ba, ko A-daidaita-sahu. Ba su yi ba domin ba tarihinsu ba ne. In ba mu auna waɗannan motoci mun ajiye siffarsu ba, ranar da ta ƙarshe ta shiga hannun 'yan gwangwan, shi ke nan, jikokinmu sai dai su ji labari.

Gargaɗi Ga Namu

Kada 'yan'uwanmu masu wannan sha'awa su ɗauka mun wanke su tas. Akwai wanda ke sayen motar da aka riga aka haɗa aka fente, ya jera a kabad don baƙi su san yana da hali. Wannan ba namu ba ne, mai tara kaya ne, kuma bai bambanta da babban ma'aikacin da ke jera motoci a gareji ba. Akwai wanda ke tara kwalaye bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Akwai kuma wanda ya iya aikin amma yake ɓoye shi, yana ƙyashin koya wa na baya. Wanda ya haɗa mota goma bai taɓa tambayar aikin farfela ba, bai kuma taɓa gwada ƙera sashe ɗaya da kansa ba, ya maimaita kuskuren Kakuri ne a kan teburinsa. Sa'an nan a kiyaye lafiya: gam da tina guba ne, a buɗe taga, a nisanta su da wuta da ƙananan yara, domin mun san abin da shaƙar sholisho ya yi wa matasan unguwanninmu.

Abin Da Muke Nema

Ba mu zo da kuka kaɗai ba. Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai, wadda kowannenmu ke biya wa kuɗin shekara, da ta ware ɗaki ɗaya mai taga da tebura, ta kuma sa wa wannan aiki kaso a kasafinta kamar yadda take sa wa wasanni da bukukuwa. Kuɗin da ake kashewa a daren liyafa ɗaya ya isa sayen kayan aikin da za a yi shekaru ana mora.

Muna kira ga tsangayar injiniya da sashen zane-zane da su buɗe mana ɗakunan aikinsu a ranakun hutu, su kuma amince ɗalibin shekarar ƙarshe ya ɗauki auna wata motar gida da fitar da samfurinta bisa ma'aunin 1 cikin 24 a matsayin aikin kammala karatu. A fara da rokar katako tun ana samunta.

Muna kira da a shirya gasa kowace shekara mai rukuni biyu, na kwali da na ƙirar gida, a gayyato yaran firamare da almajirai da yaran gareji na unguwannin da ke kewaye da mu, su zo da motocinsu na kara da waya da gwangwani, a ajiye su tebur ɗaya da namu, ladan wanda ya ci kuwa ya zama kuɗin makaranta. Ƙofar a buɗe take ga 'yan'uwanmu mata, domin hannun da ya iya zanen lalle da ɗinkin hula ba a koya masa natsuwa.

Ku kuma yayyenmu na ma'aikatu, wata rana takardar neman tallafin irin wannan aiki za ta iso teburinku. Kafin ku rubuta mata “a ajiye”, ku tuna da injunan 1982 da suka ruɓe cikin akwati, ku tuna wani ne ya sa hannu aka ajiye su. In kun koma gida kuka tarar da ɗanku ya baje kara a tsakar gida, ku durƙusa ku tambaye shi yadda tayar ke juyawa, sa'an nan ku saya masa ruler da reza.

Masu dariya kuwa, ba mu hana ku ba. Abu ɗaya muke roƙo: ku zo ku zauna, mu ba ku gilashin gaba na ƙaramar Fijo da ɗigon gam, ku manna shi ba tare da kun dusashe shi ba. Wanda ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara.